Inda na kai a koyon romon fo da kuy teav

'Yan uwana masu koyon girki, barkanmu da ƙoƙari. Har yanzu ina nan kan romo, kuma wannan karon hankalina ya koma kan miyar taliyar shinkafa ta mutanen Biyetnam da Kambodiya, wato fo na Biyetnam da kuy teav na Kambodiya, domin an buɗe sabon gidan abinci a unguwarmu a nan Paris inda ake sayar da duka biyun. Abin ba baƙo ba ne a garin nan. Tun bayan 1975 'yan gudun hijira daga ƙasashen biyu suka zauna a gunduma ta 13, suka zo da tukwanensu.

Kafin na zauna sai da na tambayi matar da ke kula da wurin da wane ƙashi aka dafa kowane romo, kuma wane irin nama suke saye. Don Allah ku riƙe wannan. Fo da ƙashin saniya ake yin sa, wani lokaci da kaza, amma kuy teav na gargajiya, wanda ake karyawa da shi da safe a Phnom Penh, babban birnin Kambodiya, yawanci da ƙashin alade ne. Ko an zuba naman saniya a sama, romon da ke ƙasa yana iya zama na alade. Su a nan tukunyar saniya daban suka ware, naman kuma daga mahautan Musulmi yake, shi ya sa na samu na ɗanɗana.

Abin da ya fara ɗaukar idona a kwanon fo shi ne hasken romon. Ana hango taliyar a ƙasa, maiƙo kaɗan ne ke yawo a sama kamar ƙananan idanu, amma da na kurɓa sai na ji nauyin bargo har maƙogwaro. Naman an yanka shi siriri ƙwarai, ɗanye aka shimfiɗa shi a kan taliya, zafin romon ne ya dafa shi a gabana, ja yana komawa toka-toka daga gefe. An kawo faranti daban na tsiron wake, ɗoɗɗoya, lemun tsami da barkono. Wannan salon kudancin Biyetnam ne. Asalin fo daga arewa yake, yankin Nam Dinh da Hanoi, a farkon ƙarni na 20, kuma can ba sa cika masa ganye. Da aka raba ƙasar a 1954 mutanen arewa suka kwarara Saigon, babban birnin kudu, a nan ne ya ƙara zaƙi da kayan haɗi.

Kuy teav kuwa ƙamshinsa daban. Babu kirfa a gaba, soyayyar tafarnuwa ce ke fara tarbar hanci, sai ɗanɗanon busasshen jatan lande a bayanta. Ya fi fo sauƙi a ciki. Ni dai a raina fo ya fi zurfi, amma na gane dalilin da mutum zai so ya fara yininsa da ɗayan.

To ga inda nake a tukunyata ta romon fo. Yanzu ina fara tafasa ƙasusuwan kamar minti goma, in zubar da ruwan farko gaba ɗaya, in wanke su da tukunyar, sannan in ɗora da sabon ruwa. Na san wasunku za su ce asara ce, daɗin ya tafi. Bai tafi ba, jini da datti ne suka tafi, daɗin yana cikin bargo kuma sai an ɗauki sa'o'i yake fitowa. Albasa da citta ina gasa su a kan wuta har bayansu ya yi baƙi, in kankare ƙunar kafin in jefa. Kirfa, kanumfari da ɗan yajin nan mai siffar tauraro ina ɗumama su a busasshiyar tukunya, in ɗaure a ƙyalle, in saka can kusa da ƙarshe don kada su yi ɗaci.

Babban aikin wuta ne. Mu mun saba farfesu ya yi ta ɓararraka, shi kuwa wannan romon ba ya son haka ko kaɗan. Tafasa mai ƙarfi tana gauraya maiƙo da ruwa, romon ya yi duhu-duhu, kuma ba ya komawa. Ana rage wutar har ruwan ya riƙa motsi kaɗan-kaɗan, ana kwashe kumfa, a bar shi awa shida ko fiye, murfi a ɗage. Nawa ya fara haske yanzu, ko da yake bai kai na gidan abincin ba.

Gishirinsa daga ruwan kifin nan na kwalba yake zuwa, wanda mutanen Biyetnam suke kira nuoc mam. Warinsa zai iya korar mutum a karon farko, amma duk wadda ta san abin da daddawa ke yi a miya ba za ta tsorata ba. A ƙarshe ake zuba shi, cokali-cokali ana ɗanɗanawa.

Abin da ya rage mini shi ne yankan naman. Matar ta ce in sa shi a firiza ya ɗan daskare kafin in kai masa wuƙa, haka zan gwada a girki na gaba. Wadda ta riga ni gwada romon kuy teav da ƙashin saniya, ta faɗa mini yawan jatan landen da ta sa.