Farfaɗiyar da ta ƙi jin magani

Shekara 3 ke nan da ƙwayar cutar herpes ta kumbura wa ƙanena ƙwaƙwalwa. Aka yi ta ɗura masa maganin acyclovir ta jijiya har ya warware, muka ɗauka an gama. Ashe da sauran rina a kaba.

Bayan wata takwas farfaɗiya ta ɓullo. Ba ya ma faɗuwa, sai dai ya ƙura ido, yana motsa baki, yana murza gefen rigarsa. An gwada magani biyu, shiru. Likita ta ce kusan ɗaya cikin uku na masu farfaɗiya haka suke fama, magani ba ya yi musu aiki. Hoton ƙwaƙwalwa na MRI ya nuna tabo a ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke saitin kunne, inda ƙwayar ta fi yin ɓarna. Yanzu ana maganar tiyata, ni kuwa gabana faɗuwa yake yi.