Abin da ci uku da nema ya sa na faɗa wa maƙwabcina

Ƙannena samarin Agege, musamman ku da kuke cika bencinan gidajen kallo duk ranar da Kano Pillars za ta taka leda, ina so in ba ku labarin wani yammaci da har yau nake jin nauyinsa, ko Allah zai sa ku tsallake ramin da na faɗa.

Ranar Laraba ce, 24 ga Oktoban 2018, aka buga wasan ƙarshe na kofin ƙalubalen Najeriya tsakanin Pillars da Enugu Rangers a filin wasa na Stephen Keshi da ke Asaba. Wanda bai san tarihin kofin nan ba ba zai gane abin da ya sa jikinmu ke rawa ba. A nan Legas aka fara shi a 1945 da sunan Kofin Gwamna, kuma tun da wata ƙungiyar Kano ta ɗauke shi a 1953, har zuwa wannan rana bai sake komawa birnin Dabo ba. Pillars ta lashe gasar firimiya sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, amma wannan kofi ya ƙi shiga hannunta. Su ma mutanen Rangers rabonsu da shi tun 1983. Kowane ɓangare da ƙishirwarsa ya zo.

A lokacin ina tsaron shagon shinkafa da wake na maigidana, kuma jikin shagonmu akwai wani ɗan ƙabilar Ibo mai sayar da kayan lantarki, wanda ya girme ni da shekaru kamar goma. Zamanmu ya yi daɗin da idan zai tafi kasuwar Alaba saro kaya, ni yake miƙa wa makullin shagonsa, wani ƙaramin makulli da ya ɗaure da jan zare, in kuma mai saye ya zo in sayar in ajiye masa kuɗinsa. Idan na tafi masallacin Juma'a shi yake duba mini buhuna. Shi Rangers yake so tun yana yaro, ni kuwa Sai Masu Gida, kuma shekara da shekaru muna tsokanar juna ba a taɓa jin kanmu ba.

Tare muka shiga gidan kallo muka zauna a benci ɗaya. Ba a jima da farawa ba Rabi'u Ali ya zura ƙwallo, Ibrahim Alhassan ya ƙara ta biyu, da aka dawo daga hutun rabin lokaci Nyima Nwagua ya jefa ta uku. Kuskurena na farko a hutun ne na yi shi. Wani saurayi mai goyon bayan Rangers ya ce wasa bai ƙare ba, ni kuma na zaro naira dubu 40 na cinikin ranar, kuɗin da ya kamata in kai wa maigida bayan sallar isha'i, na damƙa wa mai gidan kallo ya riƙe, na ce duk wanda ƙungiyarsa ta ɗaga kofi ya kwashe. A raina ban kira abin da na yi caca ba, domin gani nake kuɗin suna nan ba inda za su je. Ku lura da wannan yaudara da kyau, domin ita ce take cin samari da yawa yanzu da caca ta shigo cikin waya, mutum yana kwance a ɗaki zai zubar da guminsa na wata guda. Tabbacin da kake ji a zuciya ba ya canza sunan abin, kuma ba ya mayar da kuɗin amana su zama naka.

Kuskure na biyu ya fi na farko muni. Da aka ci ta uku na miƙe tsaye na juya ga maƙwabcina, sai bakina ya bar ƙwallo ya koma kan ƙabila. Na ce masa yadda aka yi musu a yaƙi haka za a yi musu yau. Wasu suka yi dariya. Shi bai ce uffan ba, ya dai ajiye kwalbar lemon da ke hannunsa a ƙasa a hankali, ya mayar da idonsa kan talabijin, kuma har aka tashi bai sake kallona ba.

Daga baya ne na fahimci girman abin da na taka. An kafa Rangers a 1970, shekarar da yaƙin basasa ya ƙare, lokacin da mutanen gabas suka fito daga yunwa da asarar rayuka, kuma wannan ƙungiya ce ta fara ɗaga musu kai a idon ƙasa, har ta ɗauko kofin Afirka na ƙungiyoyin da suka lashe kofunan ƙasashensu a 1977. Wanda ya haɗa Rangers da yaƙi a cikin zolaya ya fama wa mutum gyambon da ya gada daga iyayensa. Abin da ya ƙara nuna wautar maganata shi ne, wanda ya ci mana ƙwallo ta uku ba Bahaushe ba ne, kuma mai horar da Rangers a ranar, Gbenga Ogunbote, Bayarabe ne. 'Yan wasa neman abincinsu suke yi duk inda aka ɗauke su, mu 'yan kallo ne muke ɗora musu kayan da ba su ɗauka ba.

Sauran labarin kun san shi. Sai da aka wuce minti na 70 Rangers ta farke ɗaya, ta ƙara ta biyu, sannan Ajani Ibrahim ya rama ta uku dab da tashi, aka je bugun fenariti suka yi nasara da ci 4 da 2. Kuɗin maigida suka tafi a gaban idona.

Washegari na gaya wa maigida gaskiya, kuma wannan kaɗai ne abin da na yi daidai a makon. Bai ɗaga murya ba. Ya ce zai riƙa cirewa daga haƙƙina har su cika, sannan ya tambaye ni, “Ɗana, kuɗi za su dawo, maganar da aka ce ka faɗa wa mutumin nan fa, wa zai dawo da ita?” Ya tuna mini cewa ayar da ta hana caca a Suratul Ma'ida ta bayyana cewa ta hanyarta Shaiɗan yake son jefa gaba da ƙiyayya tsakanin mutane, ya kuma ce mu da muke cin abinci a garin wasu, babban jarinmu shi ne zaman lafiya da wanda muke buɗe ƙofa mu gani. Duk wanda ya daɗe a Legas ya san yadda ƙaramar husuma tsakanin mutum biyu a kasuwa take rikiɗewa ta zama rikicin ƙabilanci, a rufe kasuwa, talakan da bai ji ba bai gani ba ya kwana da yunwa.

Duk da haka girman kai ya sa na yi mako uku ina sunkuyar da kai idan zan wuce shagonsa. Kada ku yi wannan jinkirin. Haƙurin da aka bayar da safe ya fi wanda aka bayar bayan magana ta kwana ta yi tsami. Sai da maigida ya riƙe hannuna ya kai ni, na ce, “Yallaɓai, na yi maka laifi, ka yafe mini.” Ya ce ya wuce, muka yi musafaha.

Ban ce ku daina son ƙungiyarku ba, ni ma har gobe ina sonta. Ku yi ihu, ku yi tsokana a kan mai tsaron gida da ya saki ƙwallo ko ɗan gaba da ya ɓarar da dama, amma ku bar iyayen mutum da addininsa da tarihin mutanensa a wajen gidan kallo, kuma kada ku shiga da kuɗin da ba naku ba a aljihu.

A watan Yulin 2019 Pillars ta doke Niger Tornadoes da bugun fenariti 4 da 3 a filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna, kofin ya koma Kano bayan shekara 66. Maƙwabcina ne ya fara zuwa da safe ya taya ni murna, da fara'arsa. Muna gaisawa har yanzu, yana tambayata iyali ina tambayarsa. Amma tun daga wancan yammacin, idan zai tafi Alaba, wani yake ba wa makullin nan mai jan zare.