Kafin ka sa hannu a takardar fitar da kare

Yanzu da na ajiye aiki a asibitin dabbobin da na daɗe a cikinsa a nan Kaduna, akwai aiki ɗaya da nake so in warware wa ƙannenmu masu shigowa, musamman masu bautar ƙasa, domin shi ya fi jefa ƙaramin likita cikin rigima: shirya kare don fita da shi ƙasar waje. Mai zuwa da wannan buƙata yawanci likita ne ko nas ko injiniya daga Barnawa, Malali ko Unguwar Rimi, ya samu aiki a Dubai, Doha ko Riyad, yana da karen da yaransa suka shaƙu da shi ko wanda ya daɗe yana yi masa gadi. Zai shigo da tikiti a hannu ya ce, "Likita, saura sati uku mu tashi." Amsar da aka ba shi a wannan zama ita ke gyara aikin ko ta ɓata shi.

Sati uku ba ya isa, kuma dalilin yana cikin jerin kwanakin. Abu na farko shi ne maikurocif, ɗan abin nan mai girman ƙwayar shinkafa da ake cusawa ƙarƙashin fata tsakanin kafaɗu. Ya zama mai lamba 15, na tsarin ƙasa da ƙasa na ISO 11784 da 11785, don shi na'urorin filayen jirgi ke karantawa. Sai an sa shi, an ɗora na'ura an ga lambar ta fito, sannan a yi allurar rigakafin haukan kare, kuma kwikwiyo sai ya cika sati 12. Allurar da aka yi kafin a sa cif, a idon ƙasashe da yawa kamar ba a yi ba ce, don babu shaidar cewa wannan karen aka yi wa. Bayan allura a jira, sannan a ɗebi jini don gwajin ƙarfin rigakafi, wanda dole ya kai 0.5 IU, wato ma'aunin ƙarfin rigakafin, a kowane mililita. Tarayyar Turai tana neman kwana 30 tsakanin allura da ɗibar jini, ta ƙara wata uku daga ranar ɗibar kafin kare ya shiga. Ƙasashen Gulf kowace da nata lissafin, amma Najeriya tana cikin ƙasashen da haukan kare bai gushe ba, don haka da wuya a tsallake gwajin nan. Ga shi kuma waje ake aikawa da jinin, zuwa ɗakin gwajin da ƙasar da za a shiga ta amince da shi, irin su Onderstepoort a Afirka ta Kudu, Weybridge a Ingila ko jami'ar jihar Kansas a Amurka, sakamako ya ɗauki makonni. Wanda ya fara shiri wata huɗu zuwa shida kafin tafiya shi ne yake cikin natsuwa.

A nan ne darasin da ya fi min ciwo yake. Akwai irin ogan da ba ya iya kallon mai kuɗi ya ce masa lokaci ya ƙure. Zai karɓi kuɗin, ya kira ƙaramin likita ofis ya ce a buɗe sabon kati, a mayar da ranar allura baya da wata biyu, a rubuta cewa cif ya riga allura. Ba zai taɓa biron da hannunsa ba. Sunanka da lambar rajistarka ta Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya su za su hau takardar. In ka yi gardama ya ce ba ka san kasuwa ba, ko ya tuna maka wanda ya ɗauke ka aiki. Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Lambar rukunin allurar da ke jikin sitika tana da ranar da aka sarrafa ta da ranar lalacewarta, jami'in da ya san aikinsa zai gwada su da ranar da ka rubuta. Jini ma ba ya bin umarnin oga: karen da aka yi wa allurar farko kwana biyar da suka wuce da wuya ya kai 0.5. Idan abin ya tonu a can, kare ne zai zauna a killace bisa kuɗin mai shi, ko a juyo da shi a jirgi na gaba. Mai kare zai bugo waya yana faɗa, oga zai ce shi bai ga takardar ba, yaron ne ya yi gaban kansa. Na ga yara masu ƙwazo da wannan ya karya wa gwiwa, ogan kuwa yana nan kan kujerarsa, gobe ma zai kira wani. Duk umarnin da aka ba ka kan kwanan wata, ka ce cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, a rubuta min a fayil." Ba za a rubuta ba, kuma maganar ta mutu ke nan. Ka ɗauki hoton kati da sitika da fuskar na'ura tana nuna lambar cif a ranar da ka yi aikin, ka ajiye a wayarka. Shawarar da za ka ba mai kare kuma mai sauƙi ce: ya tafi ya kama aikinsa, kare ya biyo shi idan takardu sun kammala.

Ko an bi kwanaki daidai, gwaji na iya faɗuwa, kuma sau da yawa laifin firij ne. Allurar haukan kare tana son sanyin digiri 2 zuwa 8, ba ta son daskarewa, ba ta son ɗumi. Firij ɗin da wuta ke ɗaukewa dare guda a cikin bazara, a tayar da janareta da safe, ruwan da ke cikin kwalbar zai yi kyau a ido amma ƙarfinsa ya tafi. A sa ma'aunin zafi a cikin firij, a riƙa rubuta abin da ya nuna safe da yamma. Karen da allurar farko ce a rayuwarsa, da manyan karnuka irin su Boerboel da Rottweiler, sun fi yawan gaza kai ma'auni, shi ya sa na fi son a ƙara allura ta biyu kafin ɗibar jini. Kuɗinta bai kai na maimaita gwaji ba. Wajen ɗibar kuma, a bar jinin ya daskare, a juya shi a inji, a tsame ruwan da ya taso sama mililita 1 zuwa 2. In ya yi ja, ƙwayoyin jini sun fashe, ɗakin gwaji zai iya ƙin karɓa. Lambar cif da ke jikin kwalba da ta fom a karanta su da ƙarfi mutum biyu, don lamba ɗaya da ta sauya ta isa ta kashe sakamakon gaba ɗaya.

Kafin ma a huda kare da allura, a tambayi jinsinsa da ƙasar da za shi. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa tana da doka ta 2016 kan dabbobi masu haɗari, ta hana shigo da irin su Pit Bull, Tosa, Dogo Argentino da Fila Brasileiro, kuma sai an samu izinin shigowa daga ma'aikatarsu ta sauyin yanayi da muhalli, wanda yake da wa'adi. Ban da haukan kare suna duba rigakafin sauran cututtukan kare, wato distempa, fabo, ciwon hanta da lepto, da maganin kaska da na tsutsa a kwanakin ƙarshe. Saudiyya ta fi tsauri: karen gadi, na farauta da mai yi wa makaho jagora su ta sani, don haka abin da aka rubuta a matsayin amfanin karen yana da nauyi. A ɓangarenmu, tantancewar ƙarshe tana hannun hukumar killace dabbobi da tsirrai ta ƙasa, NAQS, kuma takardar lafiya ba a yin ta da wuri, don kamfanonin jirgi da yawa ba sa karɓar wadda ta wuce kwana 10.

Sai zafi, wanda masu kare suka fi rainawa. Za ka ji an ce, "Ai karen Kaduna ne, ya saba da rana." Kaduna tana kan tudu, kusan mita 600 sama da teku. Zafinmu na Maris da Afrilu yana kai digiri 35 zuwa 38, busasshe ne, dare kuma yana sassautawa. A watan Agusta, lokacin da iyalai suka fi ƙaura saboda hutun makaranta, mu muna tsakiyar damina, rana da ƙyar ta kai 29. A wannan watan Dubai da Doha suna sama da 40, dare ba ya sauka ƙasa da 30 sosai, ga iskar teku cike da laima. Kare ba ya zufa kamar mutum sai ɗan abin da ke fita ta tafin ƙafa. Da haki yake sanyaya jiki, ruwa na tashi daga harshe da maƙogwaro. Idan iska ta riga ta ƙoshi da ruwa, hakin ba ya aiki, sai ma ya ƙara masa zafi saboda wahalar numfashi. Masu gajeren hanci kamar Bulldog, Pug da Boxer su ne a sahun gaba na haɗari, kamfanonin jirgi da dama ma ba sa ɗaukarsu. Sai masu gashi biyu, Caucasian da Husky da Alsatian, sai tsofaffi da masu ƙiba. Karen da kaska ta sa wa ciwon jini, wanda ba baƙo ba ne a garin nan, a duba dasashinsa a auna yawan jininsa, a warkar da shi kafin a yi maganar jirgi. Wanda ke da zaɓi ya tura karensa tsakanin Nuwamba da Maris.

Cikin jirgi ba shi ne abin tsoro ba, wurin da ake sa dabbobi yana da iska da daidaiton sanyi. Haɗarin yana ƙasa: hanyar Kaduna zuwa Abuja, rumbun kargo, da jiran da keji ke yi kan kwalta kafin a loda shi. A tashi bayan sallar Asuba ko a zaɓi jirgin dare. Keji ya zauna inda sanyin AC ke kaiwa, ba cikin but ba, ba bayan a-kori-kura ba. In an tsaya cin abinci a hanya kada a kashe mota a kulle shi ciki ko na minti goma.

Girman keji ma da awonsa a ƙa'idar IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya. Tsawo shi ne daga hanci zuwa gindin wutsiya, a ƙara rabin tsayin ƙafar gaba daga gwiwa zuwa ƙasa. Faɗi ninki biyu na faɗin kafaɗu. Tsayi kuma kare ya miƙe tsaye kunnensa bai taɓa rufi ba. Mai gajeren hanci a ƙara masa kashi 10 cikin 100. Sama da ƙasa a ɗaure su da noti na ƙarfe, a cire tayoyi, ƙofa ta zama ta ƙarfe, ramukan iska ta kowane gefe. Kwanon ruwa a maƙala shi a ƙofa yadda ma'aikaci zai iya zubawa daga waje, a daskarar da ruwan tun dare don kada ya zube wajen lodi. A sayi kejin wata guda kafin tafiya, kare ya riƙa ci da kwana a ciki. Wanda aka tura ciki ranar tafiya zai yi ta haushi da kokawa har zafin jikinsa ya hau tun bai bar Kaduna ba. Mai kare zai roƙe ka allurar barci. Kada ka yi. Irin su acepromazine suna saukar da hawan jini, suna hana jiki daidaita zafinsa, kuma babu mai duba shi a sama.

Idan an sauka, jiki yana fara sabawa cikin kwana 10 zuwa 20, cikakken sabo kan kai wata biyu. A wannan tsakanin fita sai da asuba ko bayan Isha'i, gajeriya. A ɗora bayan hannu kan kwalta, in mutum bai iya jure daƙiƙa biyar ba, tafin kare zai sale. Ruwan sha a ƙalla mililita 50 zuwa 60 kan kowane kilo a rana, a can kuwa zai wuce haka. Kada a aske mai gashi biyu har fata, a dai riƙa taje gashin ciki da ya mutu. Ina rubuta wa kowane mai kare lambobi uku a bayan kati: zafin jikin lafiya 38 zuwa 39.2, daga 41 bugun zafi ne, a 39.5 ake daina sanyayawa. In ya ga haki ba tsayawa, yawu mai kauri, dasashi ja wur, tangaɗi ko amai, ya fara kwara ruwan sanyi a jiki da ciki da hammata, ya kunna fanka, sannan a kama hanyar asibiti. Kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul, yana riƙe zafi. Ko ya farfaɗo a kai shi, don ƙoda da hanta kan nuna lahani bayan kwana ɗaya ko biyu.

Ejan da ya ce yana da hanya a filin jirgi, a rabu da shi. Takardu na asali su bi keji, kwafi ya zauna hannun mai kare. A tabbatar gidan hayar da za a sauka ya yarda da kare kafin a biya kuɗin kargo. Wani lokacin kuma aikinka shi ne ka zaunar da mutum ka ce, "Alhaji, wannan karen ya haura shekara goma, zuciyarsa ba lafiya, ya saba da tsakar gida mai bishiya, can kuwa bene ne da AC wata biyar. A nema masa gida a nan cikin dangi." Wasu za su ji haushi su tafi wani asibitin. Ka rubuta shawarar a fayil da kwanan wata, ka sa hannu a ƙarƙashinta.