Ranar wanki a tsakiyar teku

Laraba, bayan cin abincin dare.

Yau jirgi bai tsaya ko'ina ba. Tun da muka bar tasha jiya da yamma, ruwa ne gaba ruwa ne baya, kuma ba za mu ga ƙasa ba sai gobe da safe. A irin wannan rana ce kowa yake tunawa da kayan dauɗarsa. Ni da Yaya akwati ɗai-ɗai muka zo da shi, don jirgin saman da ya kawo mu kilo 23 ya yarje wa kowa, ga tafiya ta miƙa, masu tsabta sun kusa ƙarewa.

A cikin durowar ɗakinmu akwai jakar takarda da fom. In mutum yana so, sai ya cusa kayansa, ya rubuta yawansu, ya miƙa wa mai gyaran ɗaki, a kai can ƙasa babban ɗakin wankin jirgi, a dawo da su a ninke. Na nuna wa Yaya, ta girgiza kai.

"Auta, rigata ta siliki da suwaitar ulun nan ba za su shiga hannun da ban gani ba. Ki je ki wanke mana da kanki, ni zan yi guga."

Ban ga laifinta ba. Can ƙasa zannuwan gado da tawul da mayafin tebur na dubban mutane ake wankewa dare da rana, da ruwan zafi da injin busarwa mai zafi. Aiki ne mai kyau ga tawul, amma ulu in ya sha irin wannan zafi tsukewa yake yi, kuma ba ya dawowa. Mun yi sa'a jirginmu yana da ɗakin da fasinja zai yi wankinsa da kansa, don ba kowane kamfani yake tanadar shi ba. Jiragen Cunard da Princess da Disney da wasu na Carnival suna da shi, a na Cunard ma kyauta ne har da sabulun. Royal Caribbean kuwa ba su da shi sam, ko dai ka ba su su wanke ko ka yi a kwamin wanke hannu na banɗaki. Abu ne da ya kamata mutum ya bincika tun kafin ya haɗa akwati, musamman mai tafiya da ƙananan yara.

Na ware farare daban, masu launi daban, na zuba su a jaka biyu, na fita kafin ƙarfe 7. In ka yi sammako, wani a tafe ya kwana. Ina tura ƙofa na tarar da mutum uku a ciki, duk injinan suna juyi.

Ɗakin ƙarami ne ƙwarai, a tsakiyar jirgi yake, ba taga. Injin wanki 3 a ƙasa, na busarwa 3 a ɗore a kansu, duk an ɗaure su da ƙusa a jikin bango da daɓe don kada su gusa in teku ya motsa. Daga gefe teburin guga 2, da kwami, da kujeru biyu na roba, da kwanduna. Zafi da ƙamshin sabulu ne suka fara tarbata. A nan ba ka ganin teku, amma kana jin sa a ƙafarka, ƙasa tana ɗan ɗagowa tana sauka a hankali. Wata dattijuwa mai farin gashi da ke zaune tana saƙa ta lura na ƙura wa gilashin injin ido, sai ta ce:

"'Yata, daina kallon abin nan yana juyawa, jiri zai ɗebe ki. Kalli bango."

Na ce, "Na gode, Mama." Gaskiyarta ce, don cikina ya riga ya fara hautsinawa. Ina ɗauke ido ya lafa.

Ba wanda ya rubuta layi, amma kowa ya san wanda yake bi. Mama ce ta farko, sai wani dattijo mai jarida, sai wata budurwa, sai ni. Injin na tsakiya ya tsaya, fitilarsa ta mutu, mai kayan bai zo ba. Muka zauna muna kallon juna. Wannan ita ce matsalar ɗakin nan tun fil azal, ina jin: taɓa kayan wani ba daɗi, musamman da kayan ciki a haɗe, amma barin inji a kulle alhali mutum huɗu suna jira shi ma ba adalci ba ne. Dattijon ya duba agogonsa ya ce a ba shi minti 10. Da suka cika, Mama ta ɗauko kwando, ta goge shi da tawul ɗin takarda, ta kwashe kayan a hankali, ta rufe samansu da wata babbar riga daga ciki don kada a riƙa kallon su. Yawanci 'yan rigunan jariri ne da safa ƙanana ƙwarai. Can sai ga wani matashi a guje, da jaririya a kafaɗa, ido ja alamar bai yi barci ba, yana ta ba da haƙuri. Mama ta ce masa kada ya damu, ta nuna masa kwandon. Yadda ta yi abin ya burge ni. Ta karɓi haƙƙinta, kuma ba ta tozarta kowa ba.

Sai wajen 8 saura na samu inji. Biyan kuɗi da katin ɗaki ne, wannan katin da ke buɗe ƙofa, a ɗora shi a kan wata 'yar na'ura a bango, a zaɓi lambar inji, kuɗin ya hau kan lissafin ɗaki. A wasu jiragen kwabbai na musamman ake saye a saka. Akwai na'urar sayar da ƙananan kwalayen omo, amma ni na zo da nawa a 'yar roba. Na zaɓi ruwan sanyi saboda masu zuba, na danna, agogon injin ya nuna minti 35. Na saita ƙararrawar wayata a kan minti 30, don in riga shi.

Budurwar da ke gabana ta cika ma'aunin omo har baki, ta ƙara. Ba a jima ba gilashin injinta ya yi fari fat, kumfa ta fara leƙowa ta bakin durowar sabulu. Wani ma'aikaci da ya shigo kwashe shara ya tsugunna ya goge, ya ce mata cikin ladabi, "Madam, a jirgi rabin abin da kika saba ya isa." Dalilin yana cikin ruwan kansa. Mafi yawan ruwan da muke wanka da wanki da shi a nan jirgin ne yake yin sa daga teku. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram 35. Ana raba su ta hanya biyu: ko a matsa ruwan da ƙarfi sosai ta cikin wata matata mai ƙananan kafofin da gishiri ba ya iya wucewa, ko a tafasa shi da zafin da injinan jirgi ke fitarwa, a tara tururin ya koma ruwa. Ruwan da ya fito ta haka ba shi da yawan ma'adinan da ke kashe kumfa, shi ya sa sabulu kaɗan yake tashi da yawa, ɗauraya kuma ta yi wuya. Tun da na san haka nake kallon famfon ɗakinmu daban. Kowace lita an ƙona mai kafin a same ta, kuma bayan ta wanke mana kaya sai an tara ta a tankuna an san yadda za a yi da ita. Don haka raina ya sosu da na ga wani ya kunna inji guda a kan riga biyu da gajeren wando. Kuɗinsa ne, na sani, amma ruwan da layin ba nasa ba ne shi kaɗai.

Na koma ɗaki na sha shayi, ƙararrawa ta kaɗa, na dawo kafin inji ya gama matsewa. Silikin Yaya da suwaitarta na ware su gefe, ba su shiga injin busarwa ba. Sauran na ɗaga su sama.

Kafin in zuba, na jawo rariyar da ke bakin ƙofar injin. Abin da na gani shi ne ya fi tsaya mini a rai a duk yinin nan. Ɓurɓushin zare ya taru a kanta ya yi kauri kamar bargo, launin toka, da ɗumi har yanzu, da jan zare nan da can, da gashi, da wani guntun rasit da ya narke ya manne. Na kama gefe ɗaya da yatsa na ja, ya ɓantaro gaba ɗaya a haɗe, ya naɗe a hannuna, ba nauyi ko kaɗan. Wannan ba na mutum ɗaya ba ne, mutane da yawa ne suka kwashe kayansu suka tafi ba su waiwaya ba, alhali ga takarda manne a jikin injin tana roƙon a share bayan kowane amfani.

Wasu suna ɗauka tsabta ce kawai. Ba ita kaɗai ba ce. Rariya in ta toshe, iska ba ta wucewa, kaya ba sa bushewa da wuri, injin yana ƙara zafi, kuma wannan ɓurɓushin yana kama wuta nan take. Kafin tafiyar nan na karanta labarin jirgin Ecstasy na kamfanin Carnival. A watan Yulin 1998, jim kaɗan bayan ya bar tashar Miami, wuta ta tashi daga babban ɗakin wankinsa. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta gano cewa tartsatsin walda ne ya kama ɓurɓushin zaren da ya taru a bututun iska, wutar ta bi bututun har bayan jirgi, ta cinye igiyoyin ɗaure shi, jirgin ya kasa tafiya da kansa sai jan sa aka yi zuwa tasha. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, kuma suna kusa da gaɓa, taimako ya iso da wuri. Mu yau ina gaɓar take? A teku ba a gudu waje a tsaya a titi ana jiran 'yan kwana-kwana. Ma'aikatan jirgin ne 'yan kwana-kwanan, mu kuma muna ciki tare da wutar. Na share rariyata, na jawo ta injin da ke kusa wadda ba kowa, ita ma na share. Aikin bai kai minti ɗaya ba.

Tsoron wutar nan ne ya sa aka hana dutsen guga a ɗakunan kwana. In na'urar binciken kaya ta gan shi a akwati ranar shiga, karɓewa ake yi, a mayar wa mai shi ranar sauka. A ɗakin wanki kaɗai fasinja zai yi guga, kuma dutsen yana haɗe da wani agogo a bango, a murɗa shi ya kawo wuta, lokaci ya cika ya ɗauke da kansa ko da an manta. Da farko na ga kamar takura ce. Yau da na tsaya a ɗakin nan na ga yadda mutane suke fita da waya a kunne su bar dutse a tsaye, na yarda da dokar ɗari bisa ɗari.

Busarwa ta ɗauki minti 45, wandunan jins ma ba su gama ba sai da na ƙara musu. Na ninke komai a nan da ɗuminsa, don in aka cusa a jaka da zafi yamutsewa yake yi, a ƙara wa mai guga aiki. Kafin in fita na duba cikin injin da hannu, na juya gangar, na ciro safa ɗaya da ta maƙale a sama. Akwai wani kwando a lungu cike da irinta, marasa 'yan'uwa.

Siliki da suwaita a ɗaki muka shanya. A cikin wurin wanka akwai 'yar igiya da ake jawowa daga bango a maƙala ta a ɗaya gefen, ita ta ɗauki silikin a kan hanga. Suwaitar kuma Yaya ta shimfiɗa ta a kan tawul, ta naɗe ta matse ruwan, sannan ta baje ta a kan wani busasshe, don ulu in aka rataye shi da ruwa zazzagowa yake yi. Bangon ɗakin ƙarfe ne, ƙugiyoyin maganaɗisu da muka zo da su sun kama, suka ɗauki ƙananan kaya. Baranda ba a shanya a cikinta. Iska tana iya ɗauke riga ta jefa a ruwa, raɓar gishiri tana sa kaya danƙo, kuma guntun taba ɗaya daga hawan sama ya isa ya kama tufa.

Da la'asar na raka Yaya guga. Yau daren ado ne a ɗakin cin abinci, don haka layin dutse ya fi na safe, maza da fararen riguna a hannu har waje. Yaya ba ta da saurin guga, tana bin kowace kalmasa, amma da ta ga mutane a bayanta sai ta goge abin da za mu sa yau kaɗai, ta ce sauran sa jira. Muna fitowa muka haɗu da matashin nan na safe, da wani kwandon kuma. Ya ce na'urar sayar da omo ta ƙare. Yaya ta ce in ba shi namu. Na zuba masa a murfi, na gaya masa rabin wannan ya ishe shi, na kuma nuna masa inda rariyar take, don ya ce bai taɓa lura da ita ba.

Gobe jirgi zai tsaya da sassafe, yawancin mutane za su sauka yawo. Mama mai saƙa ta ce a irin wannan rana, daga ƙarfe 9 zuwa azahar, ɗakin wanki fayau yake zama. Mun shirya da Yaya za mu goge sauran kayan a lokacin, sannan mu sauka da rana. Suwaitar har yanzu da danshi a hannayenta, na juya ta na sauya mata tawul.