Ranar da na kunna injin da ba a kunnawa

Makon jiya na miƙa makullin ɗakina, na bar Kolkata bayan shekara huɗu ina karatun injiniya. Ƙannenmu da ke shirin tahowa Indiya sun ishe ni da tambayar abin da ya kamata su sani. Maganar abinci da zafi da kuɗin haya za ku gane da kanku cikin wata guda. Abin da nake so ku ji ya faru ne ranar 17 ga Satumba, ina aji uku.

Ranar ce ake bikin Bishwakarma Puja. A addinin Hindu, Bishwakarma shi ne magini kuma maƙerin alloli, sunansa na cikin Rig Veda, mafi tsufa a littattafansu. Suna cewa a cikin allolin nan shi ya gina wa Krishna birnin Dwarka, shi ya ƙera wa Indra makamin tsawa da ƙasusuwan wani waliyyinsu mai suna Dadhichi. Don haka duk mai ci da ƙarfe nasa ne: makanike, direba, mai walda, ma'aikacin masana'anta. A Bengal, yankin da Kolkata take, suna yin mutum-mutuminsa da yumɓu, da hannu huɗu, a kan giwa. Ana gobe biki a wanke injuna tas a shafa musu mai, ranar kuma a rataya musu furanni, a ɗiga musu jan gari, a fasa kwakwa, a kunna turare. Kuma ba a aiki da su sai washegari. Wannan na ƙarshen shi ne ban sani ba, domin shekara biyun farko a ɗaki nake wuni duk ranar da aka ce hutu ne.

Malamin da ke duba aikina ya ce lallai ranar 18 in kawo masa ƙarfen da nake sassaƙawa, a kammale. Na ce masa saura aikin yini guda, kuma gobe na ji an ce akwai biki. Ko ɗagowa bai yi ba, ya ce wokshof a buɗe yake, in san yadda zan yi.

Ina idar da sallar asuba na nufi can. Na tarar da injin sassaƙar ƙarfen yana sheƙi, an zagaye shi da igiyar furanni masu ruwan lemo. Na cire ta na yar a ƙasa, da ta tare mini hanya na sa ƙafa na ture ta gefe, na kunna inji. Ban yi minti goma ba sai ga dattijon da ke kula da injunan, wanda kowa ke kira Dada, wato yaya, ɗauke da faranti cike da ayaba da kwakwa. Ya tsaya a ƙofa. Bai ɗaga murya ba. Ya ajiye farantin, ya duƙa ya ɗauki furannin, ya kai su goshinsa, hannunsa na rawa. Sannan ya kashe injin ya ce, "Ɗana, yau hutunsa ne. Shekara guda yana ciyar da mu."

Wallahi da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi. A wurinsu taɓa abu mai daraja da ƙafa babban wulaƙanci ne, ko littafi mutum ya taka bisa kuskure sai ya shafa shi ya kai hannu goshi. Ni kuma jikan maƙeri ne. Na tashi ina ganin kakana ba ya barin yaro ya zauna a kan uwar maƙera ko ya tsallake zugazugi. Ya kamata a ce jikina ya ba ni tun da na ga yadda aka gyara injin.

Laifina na ɗauka, na ba Dada haƙuri a gaban ɗalibai. Abin da har yau bai bar raina ba shi ne abin da malamin ya yi. A ofishin shugaban sashe ya ce shi bai taɓa cewa in shiga wokshof ba, ya ƙara da cewa ɗaliban waje ba su san darajar komai ba. Mutumin da aka haifa a Howrah, garin da ke cike da maƙera da ƙananan masana'antu, ya fi kowa sanin me ranar 17 take nufi. An hana ni wokshof mako biyu, aka rage mini maki saboda jinkiri, kuma ragin yana nan a takardar sakamakona.

Dada ne ya riƙe ni. Da yamma a ranar ya kawo mini khichuri, dafa-dukar shinkafa da wake da ake rabawa. Na faɗa masa gaskiya cewa ni Musulmi ne, ba zan ci abin da aka miƙa wa abin bauta ba, kuma ba zan tsaya a wurin addu'arsu ba. Ya gyaɗa kai, ya fita bakin titi ya sayo mini shayi da ayaba da kuɗinsa. Daga nan na gane ba wanda ya nemi in bar addinina, abin da ake so kawai in kiyaye hannuna da ƙafata.

Sauran a taƙaice: ku nemi jadawalin bukukuwan jihar da kuke tun makon farko, don na Bengal daban, na Tamil Nadu daban. Duk umarnin da malami ya ba ku da baki, ku tura masa saƙo ya tabbatar a rubuce. Ku girmama masu kula da injuna, sun fi wasu masu digirin sanin aiki.

A shekarata ta ƙarshe, ranar 16 ga Satumba, ni na wanke injin nan na shafa masa mai, na fita kafin a kawo furanni. Washegari na hau rufin gidan kwananmu tare da yara, muna sakin takardu masu zare sama kamar yadda ake yi a Kolkata ranar bikin. Da zan taho, Dada ya naɗo mini tsohon zartonsa a jarida. Malamin kuwa ban je sallama wurinsa ba.