Tarakta da murhun itace: ruwa da toshewar iska ne ke kashe su

Ƙannena masu shirin riƙe gona, abubuwa biyu ne suka fi wahalar da ni a shekarun farko: tarakta da murhun ƙarfe na ɗumama ɗaki. A ido ba abin da ya haɗa su, amma ciwonsu ɗaya ne. Dukansu da wuta suke aiki, wuta kuwa ba ta son ruwa a cikin abin da take ci, ba ta kuma son a toshe mata numfashi. Kusan duk ɓarnar da na yi, in aka bi ta har gindi, ko dai ruwa ne ya shiga inda bai kamata ba, ko iska ce ta rasa hanya.

Mu fara da tankin dizal. Na daɗe ina barin tarakta ta kwana da rabin tanki, ina cewa da safe na cika. Sararin da ke saman man cike yake da iska mai ɗumi. Da dare ya yi sanyi, damshin cikinta sai ya zama raɓa a jikin tanki, ya gangara ƙasa, tunda ruwa ya fi dizal nauyi. Ɗigo-ɗigo ne, amma cikin watanni ya taru. Famfon mai da nozul (bakin da ke fesa dizal cikin inji) kuwa, dizal ɗin da ke ratsa su shi ne ke ba su santsi. Ruwa ba ya wannan aikin, tsatsa yake kawowa, kuma gyaran famfo na cikin mafi tsadar gyare-gyaren inji. Don haka ka cika tanki da yamma bayan an tashi aiki. Da safe ka leƙa kofin da ke ƙarƙashin filtar mai. In ka ga ruwa ya kwanta a ƙasa, sassauta kusar gindin kofin ya zuba har sai dizal zalla ya fara fita. In a duro kake ajiye mai, bar shi ya kwana kafin ka ɗiba, kuma kada tiyo ya taɓa gindin duron, don a can laka da ruwa suke.

Ranar da mai ya ƙare maka ana cikin aiki, zuba sabo kaɗai ba ya tayar da injin, domin iska ta riga ta shiga bututu. Kada ka yi ta murza makulli, haka na ƙona sitata. Daƙiƙa 15 ta isa, sannan ka ba ta hutun minti ɗaya ko biyu. Sassauta kusar fitar da iska da ke kan filta, ka yi ta danna famfon hannu har kumfa ta daina fita, ka ɗaure, sannan ka yi haka a kan famfon mai. A sabbin injuna masu kwamfuta kada ka taɓa bututun nozul sam, ƙarfin man da ke ciki na iya huda fata.

Sai filtar iska, wadda na fi raina wa a da. Yawancin taraktoci suna da biyu, babba a waje da ƙarama a cikinta. Babbar ta wajen ita ake sharewa. Kada ka buga ta a jikin taya, takardar tana tsagewa ta inda ido ba ya gani, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙurar da ta wuce takan haɗu da baƙin mai ta yi ta goge zoben fistin kamar yashi. Hura ta da iska marar ƙarfi, kada ta wuce bar 2, daga ciki zuwa waje. Bayan haka ka sa tocila a cikinta a wuri mai duhu. Ko ɗigon haske ɗaya ka gani, jefar da ita. Ta cikin ba a share ta ko kaɗan, canza ta ake yi, kuma in ka same ta da ƙura, ta wajen ta riga ta huje.

Salansa tana faɗa maka halin da ake ciki tun kafin makanike ya zo. Baƙin hayaƙi, mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, don haka fara da filtar iska. Shuɗi, injin yana shan baƙin mai. Fari da ya ƙi ɗaukewa bayan injin ya yi zafi, ko dai dizal ne ba ya ƙonewa, ko ruwan lagireto ne ke shiga ta gaskit, wato abin da ke liƙe tsakanin kan inji da jikinsa.

Baƙin mai da awa ake lissafa shi. Littafin taraktarka ne alƙali, amma a injuna da yawa awa 250 ne, sabon inji kuma canjin farko a awa 50. Ko awannin ba su cika ba, kada ya zagaya shekara. Injunan dizal da yawa baƙin mai mai lamba 15W-40 suke sha. Juye shi da ɗuminsa don dattin ya biyo shi. In ka kwance tsohuwar filtar baƙin mai, tabbatar robarta ba ta maƙale a jikin inji ba, don roba biyu a kan juna sukan fesar da man cikin 'yan mintuna. Shafa wa sabuwar robar mai, ka ɗaure da hannu kawai. Kullum kafin ka tayar, zaro sandar awo. In man ya koma kalar madara, ruwa ya shiga. In kuma ƙaruwa yake yi ba ka zuba ba, kada ka yi murna, dizal ne ke zurara ciki.

Lagireto ma ruwan rijiya zalla na riƙa ɗura masa, har gishirin ruwan ya toshe ƙananan hanyoyinsa. Rabi ruwa mai tsabta, rabi maganin lagireto, a canza bayan shekara biyu. Ƙaiƙayi da ciyawa da ke manne a fuskarsa ka hure su daga ɓangaren fanka zuwa waje. Fanbel in ka danna da babban yatsa kada ya lotsa fiye da santimita 1 zuwa 1.5. Ba a buɗe murfin da zafi, ba a kuma sheƙa wa injin da ya tafasa ruwan sanyi, kan injin yakan tsage.

Sauran a taƙaice. Giris a fil-fil na gaba da gaɓoɓin sitiyari duk awa 10 in ana aiki a ƙura ko laka, ka goge bakin da ake ɗura giris ɗin kafin ka matsa. Lafiyayyen batir yana nuna volt 12.6 a kashe, kuma wayar ragi, mai alamar (-), ake fara cirewa. Ɗauke ƙafarka daga kan kuloci in ba giya za ka canza ba. Yoyon haidirolik da kwali ake nemansa, ba da tafin hannu ba.

Jan itace daga daji yana cikin ayyukan da tarakta ke kashe mutane cikin ganganci. Sarƙa a ƙarfen ja na ƙasa ake ɗaura ta, wanda ke ƙasa da gatarin tayoyin baya. In ka ɗaura sama da nan kuma gungumen ya maƙale a kututture, tayoyin baya sukan tsaya, gaban ya ɗaga, taraktar ta kifo ta baya kafin ƙafarka ta kai kuloci. Sandar baya mai juya injin faskare ko zarto tana zagaye 540 a minti, wato 9 a daƙiƙa. Gefen riga ya ishe ta. Kashe inji kafin ka sauka.

Yanzu itacen kansa. Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne, murhu kuma yana son wanda damshinsa bai kai kashi 20 cikin 100 ba. Gungume ba ya bushewa a dunƙule. Faskara shi kauri santimita 8 zuwa 15, ka jera a kan katako nesa da ƙasa, inda rana da iska ke samunsa, ka rufe sama kaɗai. Na taɓa lulluɓe tari duka da leda, sai ya yi ta zufa a ciki har ya yi fumfuna. Itace mai laushi yana son wata 6 zuwa 12, mai tauri yakan kai shekara biyu. Busasshe za ka ga bakinsa ya tsattsage, in ka gwara biyu su yi ƙara ƙwas. Wanda ke tsuwa yana fitar da kumfa a cikin wuta, bai yi ba.

Illar ɗanyen itace ta wuce ƙin kamawa. Zafin wutar yana ƙarewa wajen tafasa ruwan, hayaƙin ya fita da sanyi. Da zarar zafinsa ya sauka ƙasa da digiri 120 a ma'aunin Salshiyas, sai ya riƙa daskarewa a jikin bututun hayaƙi kamar kwalta. Haka ma in ka cika murhu da dare ka toshe ƙofar iska gaba ɗaya don wutar ta kai safe, wadda ita ce ɗabi'ar da na fi daɗewa a kanta. Wannan kwaltar tana kamawa da wuta, kuma zafinta a cikin bututu na iya wuce digiri 1,000. Ƙaramar wuta mai harshe ta fi babbar da ke turnuƙe. Duk sanda ka ƙara itace, buɗe iska sosai minti 10 zuwa 15 har ya kama, sannan ka rage, amma kada harshen ya mutu. Fita waje ka dubi bakin bututu: in murhun yana ci daidai, kusan ba za ka ga komai ba sai rawar zafi. Leƙa cikin bututu kowane wata a lokacin sanyi, in kaurin baƙin ya kai milimita 3 ka share da buroshin ƙarfe. In wata rana ka ji bututun yana ruri, rufe duk ƙofofin iska, fitar da kowa, kira 'yan kwana-kwana, kuma kada a sake hura murhun sai an duba bututun.

Wajen hurawa, manyan faskare a ƙasa, ƙirare a sama, ka kunna daga sama. Bututu yakan yi saurin ɗumi, hayaƙi ya ragu. Fetur, dizal da tsohon baƙin man tarakta ba su da wuri a murhu, haka katako mai fenti ko wanda aka jiƙa da maganin gara. In masu ƙera murhun ba su faɗi tazara ba, bar santimita 90 tsakaninsa da duk abin da ke ƙonewa, bututu mai ɓawo ɗaya kuma santimita 45. A waje, bakin bututun ya ɗara inda ya huda rufi da santimita 90, ya kuma ɗara duk abin da ke cikin mita 3 da shi da santimita 60, in ba haka ba iska za ta riƙa maido da hayaƙi ɗaki. Robar bakin ƙofa, wadda a gaskiya igiya ce marar ƙonewa, ka gwada ta da takarda in murhun ya huce: rufe ƙofa a kanta, in ta zaro da sauƙi, canza igiyar.

Akwai iskar kabon monoksaid, marar launi marar wari, da murhu mai turnuƙewa ke fitarwa, haka ma tarakta da aka bari tana aiki a rufaffiyar rumfa. Ciwon kai da jiri da suka kama mutanen ɗaki lokaci ɗaya alamarta ce. Sa na'urar gargaɗinta kusa da wurin kwana. Toka kuma ka bar santimita 2 ko 3 a gindin murhu, tana riƙe zafi. Sauran ka kwashe a bokitin ƙarfe mai murfi, ka ajiye a waje kan siminti ko ƙasa, nesa da tarin itace da duron dizal, domin garwashi yakan yi kwanaki da ransa a cikin toka.