Yadda na gano matsalar wutar da ke zuwa tana ɓacewa a tsohuwar motata ta shiga daji

Na sayi motar a hannu na biyu, irin mai jan taya huɗu wadda aka ɗora bodinta a kan shasi, kuma a makonnin farko ba ta nuna mini wani aibi ba, domin a kan kwalta kawai nake hawa da ita. Ranar da na fara sauka da ita kan hanya mai gargada da dare, fitilun gaba suka dusashe na ɗan lokaci, allurar zafin injin ta zabura ta koma, injin ya yi kamar zai mutu sannan ya kama, duk cikin abin da bai wuce daƙiƙa biyu ba. Na tsaya na buɗe bonet na haska, ban ga komai ba, kuma motar ta kai ni gida lafiya. Bayan kwana huɗu ta sake yi, daga nan sai ta yi mako biyu cur ba ta yi ba.

Wanda bai taɓa fama da irin wannan ba zai ɗauka ƙaramin abu ne, amma matsalar da ke zuwa tana ɓacewa ta fi wadda ta tsaya cak wahalar da mutum, musamman a motar da ake shiga da ita inda babu mai taimako kusa. Motar da ta ƙi tashi gaba ɗaya ana iya bin layinta da mitar auna wuta har a kai ga inda wuta ta tsaya. Wannan kuwa duk lokacin da aka kai ta wurin gyara sai ta nuna lafiyarta ƙalau, mai gyara ya auna ya ce bai ga komai ba, kuma gaskiya ya faɗa, domin a wannan lokacin babu abin gani.

Kuskuren da na fara yi shi ne sayen kaya kafin in san ciwon. Na canza batir saboda na ga ya tsufa, matsalar ta yi shiru kwana goma, na ɗauka an gama. Da ta dawo, aka saka na'urar duba kwamfutar mota, ta fitar da lamba P0562, wadda ke nufin ƙarfin wutar da ke isa kwamfutar ya yi ƙasa, sai na yanke hukunci cewa altaneta ce, wato na'urar da ke cajin batir, na canza ta ita ma. Abin da ban fahimta ba a lokacin shi ne, lambar tana faɗin abin da kwamfutar ta ji ne kawai, ba ta faɗin wanda ya jawo shi. Da na auna tun farko, da na ga tsohon batirin yana ba da volt 12.6 idan ya huta, kuma tsohuwar altanetar tana caji a kan volt 14.1, wato tsakiyar abin da ake nema, tsakanin 13.8 da 14.4. Kayan nan biyu da na cire ba su da laifin komai, kuma har yanzu ina jin takaicin hakan.

Daga nan na daina sayen komai, na ajiye ƙaramin littafi a motar. Duk lokacin da abin ya faru, ina rubuta irin hanyar da nake kai, da abin da ke kunne, da ko injin ya yi zafi, da ko motar ta shiga ruwa a kwanakin. Cikin wata ɗaya na tara aukuwa bakwai, kuma da na jera su sai wani abu ya fito fili wanda ƙwaƙwalwata ba ta taɓa riƙewa ba: shida daga ciki da fitilun gaba a kunne, biyar da fankar cikin mota tana aiki, kuma dukansu sun faru ne ko dai a kan gargada, ko lokacin da taya ɗaya ta faɗa rami motar ta murɗe, ko lokacin da na taka totur da ƙarfi a ƙaramar giya ina hawan tudu. Zafi ba shi da hannu a ciki, ruwa ma haka. Abubuwa biyu ne ke haɗuwa, nauyin wutar da ake ja da kuma motsi.

Na kai wannan littafi wurin wani dattijo mai gyaran wutar mota, ya karanta a tsanake, sannan ya tambaye ni ko na duba wayoyin ath, wato waɗanda wuta ke bi ta koma batir. Na ce masa, "Baba, na duba su duka da mita, mitar ta yi ƙara a kan kowace, babu wadda ta tsinke." Sai ya ce, "Yaro, wayar da ba ta ɗauke da kaya ba a auna ta. Kunna fitilu da fanka, sannan ka auna." Wannan magana ita ce ta juya mini aikin gaba ɗaya, kuma a kanta nake so in daɗe, domin ita ce abin da mutane da yawa ke tsallakewa.

Wutar mota tana fita daga kan batir mai alamar ƙari, ta bi waya zuwa fitila ko famfon mai, amma ba ta dawowa ta wata waya ta daban, ƙarfen motar ne da kansa yake zama hanyar dawowarta zuwa kan batir mai alamar ragi. A irin wannan mota kuwa ƙarfen ba guda ɗaya ba ne. Injin yana zaune a kan robobi, bodi ma a kan robobi yake zaune bisa shasi, kuma roba ba ta wuce wuta. Abin da ke haɗa waɗannan sassa uku shi ne wasu 'yan wayoyi, galibi saƙaƙƙu masu faɗi kamar kitso, waɗanda ba kowa ke lura da su ba. Idan mutum ya sa mita a kan awon tsayayyar waya, wutar da mitar ke turawa ƙanƙanuwa ce ƙwarai, don haka ko da silin jan ƙarfe ɗaya ne ya rage daga cikin ɗaruruwa, mitar za ta yi ƙara ta ce hanya a buɗe take. Amma lissafin a bayyane yake: idan fitilu da fanka da famfon mai suna jan amfiya 20, kuma mahaɗin ya lalace har tsayayyarsa ta kai om 0.1, to volt 2 sun ɓace a wannan wuri kaɗai. Om 0.1 kuwa bai wuce tsayayyar igiyoyin mitar kansu ba, shi ya sa ba a ganinsa da wancan awon.

Awon da ya dace shi ne na faɗuwar volt. Na mayar da mitar kan volt, na ɗora baki ɗaya a kan dalmar kan batir mai alamar ragi, ba a kan maƙallin da ke riƙe da ita ba, ɗaya bakin kuma a kan ƙarfen injin. Na kunna mota, na kunna duk abin da ke kunnuwa, mitar ta nuna volt 0.05, wato babbar wayar da ke zuwa injin lafiyarta ƙalau, kuma wannan ya bayyana mini dalilin da ya sa motar ba ta taɓa ƙin tashi ba. Da na mayar da bakin kan wani noti a jikin bodi inda babu fenti, sai ta nuna volt 0.4, alhali abin da ake so a wannan ɓangare kada ya wuce 0.2, kuma mafi kyau ya tsaya ƙasa da 0.1. Wannan kaɗai ya isa ya sa zargi, amma bai isa ya dusashe fitila ba.

Sai na bar mitar a haɗe inda nake ganin fuskarta, na fara girgiza wayoyi ɗaya bayan ɗaya da hannu, a hankali, ina kiyaye yatsuna daga fanka da bel. Na kusa cinye rabin awa ban ga canji ba. Can a bayan injin, inda hannu ke shiga da ƙyar, na laluba saƙaƙƙiyar wayar da ke haɗa kan injin da bangon da ke raba shi da cikin mota, na ɗan ja ta, nan take mitar ta tsallaka zuwa volt 2.7, fitilu suka dusashe, injin ya yi wannan sheshsheƙar da na shafe watanni ina ji. Na sake ta, komai ya koma daidai. Na maimaita har sau biyar, domin wannan shi ne karo na farko da na kira matsalar da kaina ta amsa.

Kafin in kwance komai, na ɗauki igiyar jona batir ɗaya, na haɗa kan batir mai alamar ragi kai tsaye da bodi, na sake jan wayar, babu abin da ya motsa. Wannan ya tabbatar mini da cewa hanyar dawowar wutar bodi ce ke yankewa. Da na ciro wayar na kawo ta haske, sai na ga ta yi kore a bakin da ke wajen bodi, silolinta sun bushe suna karyewa da an taɓa su, waɗanda suka rage da rai ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma ƙarƙashin notin akwai tsatsa da busasshiyar laka. Duk lokacin da injin ya karkata a kan robobinsa, ko bodi ya murɗe a kan shasi, sai wayar ta miƙe, ragowar silolin su saki. Na kuma gano abin da ya sa nauyin duka ya taru a kanta: akwai wata gajerar waya da ya kamata ta tashi daga kan batir zuwa gefen bodi, amma wani da ya taɓa canza maƙallin batir kafin motar ta zo hannuna ya yanke ta bai mayar ba. Allurar zafi ma ta sami bayaninta, domin na'urar da ke jin zafin a jikin injin take, ita kuwa allurar a bodi take samun ath ɗinta, don haka da zarar an sami bambancin volt tsakanin biyun sai ta nuna abin da ba shi ne ba.

Gyaran bai ɗauki awa biyu ba. Na cire kan batir mai alamar ragi, na kankare wuraren zaman wayoyin har ƙarfe ya yi fari, na saka sabuwar saƙaƙƙiyar waya wadda ta ɗan fi tsohuwar tsawo don kada ta riƙa miƙewa, na mayar da wadda aka yanke, na ƙara ɗaya daga bodi zuwa shasi, sannan na shafa man hana tsatsa a saman mahaɗan bayan na ɗaure su.

Akwai matsala ta biyu da ta farko ta lulluɓe, kuma littafin ne ya tona ta, domin aukuwa ɗaya daga cikin bakwai ɗin ba ta yi kama da sauran ba: a ranar fitilun baya da hasken dashbod ne suka mutu gaba ɗaya, fis ya ƙone. Da na duba akwatin fis da kyau, na tarar an saka mai amfiya 30 a gurbin da aka rubuta 15, alamar cewa mai motar na baya ya gaji da canzawa. Wannan abu ne mai haɗari ƙwarai, domin an auna fis ne daidai da kaurin wayar da yake karewa, kuma idan aka ninka shi, wayar na iya yin zafi ta narke a cikin damin wayoyi kafin shi ya yanke. Don in gano inda take taɓa ƙarfe ba tare da ƙona fis goma ba, na jona ƙwan fitila mai wat 21 a gurbin fis ɗin, wanda ke ci dishi-dishi idan layin lafiya yake, ya kuma haske sosai idan wayar ta taɓa jikin mota. Na bi layin ina girgizawa har ƙwan ya walƙa a daidai wani rami da aka huda a bangon injin don shigar da wayar ƙarin fitilu. Ba a sa roba a bakin ramin ba, kaifin ƙarfen ya ci rigar wayar har jan ƙarfe ya leƙo, kuma an ɗauko wutar ne daga layin fitilun baya da irin maƙallin nan mai tsaga rigar waya.

A ganina, duk wanda ya sayi tsohuwar motar shiga daji ya kamata ya fara zargin abin da aka ƙara mata kafin abin da ta fito da shi daga masana'anta, domin irin waɗannan motoci ne aka fi ɗora wa ƙarin fitilu da injin janyo mota idan ta maƙale da na'urar sadarwa, kuma ba kowa ke yin aikin da kyau ba. Na cire wannan layi duka, na sake ja wa fitilun sabon layi daga batir mai fis nasa da rile nasa, wato makunnin da wuta ke kunnawa. Inda na yanke wayar asali, sai da na bi ta baya kusan taƙi guda kafin in sami jan ƙarfe mai sheƙi, domin ruwa idan ya sami ƙofa yana bin tsakanin siloli kamar yadda mai ke bin lagwani, ya baƙanta wayar a cikin rigarta. Na matse mahaɗin da maƙalli, na rufe shi da robar nan mai tsukewa da zafi wadda ke da gam a ciki, ban yarda da salatif kaɗai ba, saboda laka da zafi suna warware shi. Wayoyi masu launin rawaya kuwa, waɗanda galibi na jakar iskar kariya daga haɗari ne, ban kusance su da mita ba ko sau ɗaya.

Bayan na gama, na ɗaure dogayen igiyoyi a mitar, na ajiye ta a kujerar gefe a kan yanayin da take riƙe mafi girman awo da mafi ƙanƙanta, na koma hanyar nan mai gargada da dare, fitilu da fanka duk a kunne, na bi ta sau uku, har da hawan tudun a ƙaramar giya. Mafi girman abin da ta riƙe tsakanin batir da bodi shi ne volt 0.06. Tun daga lokacin, duk sanda motar ta ratsa ruwa mai zurfi ko ta kwana cikin laka, nakan maimaita wannan awo bayan an wanke ta, in rubuta lambar da kwanan wata a cikin littafin nan.